Amfani da Manunan Jiki wajen Tsara Maganin Asma Mai Tsanani

Tsakure

Maƙalar nan ta duba manunai uku da likitocin ƙirji suke dogara da su wajen yanke shawara a kan asma mai tsanani: yawan ƙwayoyin iyosinofil a jini da kaki, da iskar naitirik oksaid da ke fita tare da numfashi, da sinadarin garkuwa mai suna IgE. Ta bi sawun yadda aka gano amfaninsu tun daga 1958, ta kuma auna ƙarfin kowanne da rauninsa. Matsayarta ita ce manunan nan gwanaye ne wajen faɗin wanda ciwo zai tasar wa nan gaba da wanda sitiroyid zai yi wa aiki, amma ba su da ta cewa sosai a kan nauyin ƙirjin da majiyyaci ke kuka da shi a yau. A yankunan da tsutsar ciki ta yi yawa, alluran zamani kuma suka fi ƙarfin aljihun talaka, babbar fa'idarsu ita ce rarrabe wanda ke buƙatar ƙarin sitiroyid da wanda ya kamata a yaye shi daga kansa.

Gabatarwa



Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da asma, kuma ta yi ajalin wajen mutum 455,000 a shekarar, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Galibin masu ciwon suna samun sauƙi da ɗan ƙaramin awo na sitiroyid na shaƙa. Maganarmu ta yau a kan 'yan tsirarun da ba sa samun sauƙin ce. A 2014 ƙungiyoyin likitocin numfashi na Turai da Amurka suka haɗu a kan ma'ana guda: asma mai tsanani ita ce wadda ba ta lafawa sai da babban awo na sitiroyid na shaƙa haɗe da wani magani na biyu, ko da sitiroyid na haɗiya, ko kuma wadda ta ƙi lafawa duk da waɗannan. Akwai sharaɗin da akan manta. Ba a kiran asma mai tsanani sai an tabbatar asmar ce, an tabbatar majiyyaci yana shaƙar maganinsa a kai a kai, kuma ya iya shaƙar. Wani bincike da aka buga daga ƙasar Holan a 2015 ya nuna nauyin wannan sharaɗi: kusan kashi 17 cikin ɗari na manya masu asma ciwonsu na wahalar sarrafawa, amma da aka cire marasa bin ƙa'idar magani da waɗanda ba su iya riƙe abin shaƙa ba, ƙasa da kashi 4 ne suka rage.

Abin da nake nufi da manuni shi ne duk wani abu da za a iya aunawa a jini, ko kaki, ko numfashi, ya ba da labarin abin da ke gudana a cikin jiki wanda ido ba ya gani. Sukarin jini manuni ne ga mai ciwon sukari. Masu asma sun daɗe ba su da irinsa. Likita yakan tambayi yadda dare ya kasance, ya saurari ƙirji, in da hali ya sa a hura na'urar awon numfashi, sai ya ƙara magani ko ya rage.

Yadda aka gano

A 1958 wani likitan Birtaniya, Harry Morrow Brown, ya buga a mujallar Lancet abin da ya gani da madubin likitansa: masu asmar da kakinsu ke cike da iyosinofil su ne prednisolone ke yi wa aiki, waɗanda babu su a kakinsu kuwa ba su cika amfana ba. Iyosinofil wani jinsi ne na fararen ƙwayoyin jini, wanda Paul Ehrlich ya raɗa wa suna a 1879 saboda yadda yake shan rinin iyosin. An yi shekaru da dama ba a ba maganar Morrow Brown muhimmancin da ya kamace ta ba.

A 2002 Ruth Green da abokan aikinta a birnin Leicester na Ingila suka gwada abin a tsanake. Suka raba majiyyata 74 gida biyu. Gida ɗaya ana daidaita musu sitiroyid bisa alamomin ciwo kamar yadda aka saba, ɗaya gidan kuma bisa yawan iyosinofil a kakinsu. Bayan shekara guda, mummunan tashin ciwo ya auku sau 109 a gidan farko, sau 35 kacal a na biyu. Matsakaicin sitiroyid ɗin da gidajen biyu suka sha kuwa bai bambanta ba. Maganin dai shi ne, yawansa ma shi ne, sai dai an kai shi wurin mai buƙatarsa a lokacin da yake buƙata.

Tarihin allurar mepolizumab ya ƙara fito da wannan darasi fili. An ƙera ta ne don toshe IL-5, sinadarin da ke rainon iyosinofil a cikin ɓargo. Gwajin da aka buga a 2000 da wanda aka buga a 2007 duk ba su nuna amfanin a-zo-a-gani ba, har wasu masana suka fara cewa iyosinofil ɗan kallo ne kawai a cikin asma. Kuskuren gwaje-gwajen biyu ne. Ba a zaɓi majiyyata bisa manuni ba, sannan an sa ido a kan ƙarfin hura iska da alamomin yau da kullum maimakon tashin ciwo. A 2009 Pranab Haldar a Leicester, da majiyyata 61, da Parameswaran Nair a Hamilton ta Kanada, da majiyyata 20, suka zaɓi masu iyosinofil a kaki kaɗai. A wurin Haldar tashin ciwo ya ragu sosai, a wurin Nair aka samu damar rage prednisone. Abin lura a aikin Haldar shi ne alamomin yau da kullum da ƙarfin numfashi ba su canja ba. Tun daga nan ya bayyana cewa kumburin da ke haifar da mummunan tashi daban, abin da ke sa mutum jin nauyin ƙirji kullum daban, kodayake sukan haɗu a jiki ɗaya.

Abin da kowane manuni ke faɗa

Kumburin da ake magana a kai shi ne wanda masana ke kira nau'i na biyu. Idan ƙura, ko ƙwayar cuta, ko wani abin alaji ya taɓa fatar cikin hanyoyin iska, sai ta saki sinadaran gangami irin su TSLP da IL-33. Su kuma su tayar da ƙwayoyin garkuwa masu fitar da IL-4 da IL-5 da IL-13. IL-5 ke yawaita iyosinofil a jini. IL-4 ke sa a ƙera IgE. IL-13 ke ƙara kaki, ya kuma kunna sinadarin da ke samar da naitirik oksaid a fatar hanyoyin iska. Saboda haka awon jini da awon numfashi ba labari ɗaya suke maimaitawa ba. Na jini yana faɗin yawan mayaƙan da aka tanada, na numfashi yana faɗin ƙarfin kiran da huhu ke yi musu. Mutumin da duka biyun suka hau a jikinsa shi ya fi kowa haɗarin tashin ciwo, kuma a kan wannan fahimta ce Simon Couillard da Ian Pavord a Oxford suka gina ma'aunin hasashe da suka kira ORACLE.

Awon kaki shi ne mafi kusa da gaskiyar abin da ke cikin huhu, sai dai yana da wahala. Sai an shaƙa wa majiyyaci tururin ruwan gishiri, a sarrafa kakin cikin 'yan sa'o'i, a samu ƙwararren da zai ƙirga. Ko a Turai cibiyoyi ƙalilan ne ke yi. Bayan gwajin DREAM na 2012 ya nuna cewa iyosinofil na jini ma yana hasashen amfanin mepolizumab, sai duniya ta koma kan jini.

Naitirik oksaid a numfashin ɗan Adam masana a Suwidin ne suka gano shi a 1991, a 1993 kuma aka nuna ya fi yawa ga masu asma. Ana kiran awon FeNO, ana yin sa da ƙaramar na'ura da majiyyaci zai hura na kimanin daƙiƙa goma. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta 2011 ta ce ga babba, ƙasa da 25 cikin biliyan kaɗan ne, sama da 50 kuma ya yi yawa. Shan taba yana danne shi, cin ganyaye masu yawan naitiret kamar latas da alayyafo yana ɗan ɗaga shi na 'yan sa'o'i.

Ƙungiyar GINA, wadda aka kafa a 1993, mai fitar da jagorar asma ta duniya, ta ce a yi zargin kumburi nau'i na biyu ga mai shan babban awon sitiroyid idan iyosinofil na jini ya kai 150 a kowace maikurolita, ko FeNO ya kai 20, ko iyosinofil na kaki ya kai kashi 2, ko kuma ciwon yana bin wani abin alaji a fili. Ta kuma ce a maimaita awon har sau uku kafin a ce babu, domin sitiroyid na haɗiya yana ɓoye iyosinofil, kuma yawansa yana sauyawa tsakanin dare da rana. Wannan gargaɗi yana da tushe. Nazarin rajistar masu asma mai tsanani ta ƙasa da ƙasa da aka buga a 2021 ya nuna fiye da kashi 80 na majiyyatan suna da alamun nau'in iyosinofil idan aka duba tarihin awonsu gaba ɗaya.

Na IgE labarinsa ya sha bamban. Allurar omalizumab, wadda Amurka ta amince da ita a 2003, tana kama IgE ne, kuma ana lissafa awonta da nauyin jiki da yawan IgE ɗin. Amma yawan IgE ba ya faɗin wanda zai amfana. Iyosinofil da FeNO ma sun fi shi yin wannan hasashe. Aikinsa shi ne buɗe ƙofa da ƙayyade awo. Akwai kuma manunin da aka sa wa rai ya ba da kunya, wato feriyostin na jini, wanda ya yi kyau a gwajin lebrikizumab na 2011 amma manyan gwaje-gwajen 2016 suka kasa tabbatar da shi.

Zaɓen allura

A yau allurai shida ne suka fi shahara. Bayan omalizumab, akwai mepolizumab ta 2015, da reslizumab ta 2016, da benralizumab ta 2017, dukkansu a kan hanyar IL-5, kuma amfaninsu yana ƙaruwa gwargwadon hawan iyosinofil, musamman daga 300 zuwa sama, ga wanda asma ta kama da girma ko mai tsiron nama a hanci. Dupilumab ta 2018 tana toshe IL-4 da IL-13 a lokaci guda, tana kuma aiki ga mai iyosinofil 150 zuwa sama ko FeNO 25 zuwa sama. Ana taka-tsantsan da ita idan iyosinofil ya wuce 1,500, domin takan ƙara ɗaga shi a watannin farko. Tezepelumab ta 2021 tana toshe TSLP tun daga tushe. A gwajin NAVIGATOR ta rage tashin ciwo da kashi 56 gaba ɗaya, da kashi 41 ga waɗanda iyosinofil ɗinsu bai kai 300 ba. Ko a nan ma, masu manuni a sama su suka fi cin moriya.

Ba zan daɗe a kan wannan ba, domin kuɗin allurar wata guda ya fi ƙarfin mafi yawan gidajen da muke dubawa, kuma samunta ma aiki ne.

Manuni a matsayin linzamin sitiroyid

Nan ne na ga ya fi dacewa mu tsaya. Prednisolone yana da araha, ana samunsa a kowane kantin magani, yana kuma kawo sauƙi cikin kwana biyu. Shi ya sa ake sake rubuta shi, majiyyaci ma ya koyi saye da kansa. David Price da abokan aikinsa sun nuna a 2018 cewa haɗarin ciwon sukari, da zaizayar ƙashi, da yanar ido, da sauran illoli yana fara hawa tun daga jimillar rabin giram zuwa giram ɗaya, wato abin da bai wuce zagaye huɗu na magani ba a tsawon rayuwa. Da yawa daga majiyyatanmu suna shan fiye da haka a hunturu guda.

Mu ƙaddara mata biyu sun zo asibiti rana ɗaya, kowacce tana kukan numfashi duk da babban awon maganin shaƙa. Ta farko iyosinofil ɗinta 600, FeNO 70. Ta biyu tana da ƙiba, tana fama da ƙwannafi da minshari, an auna ta sau uku iyosinofil bai wuce 80 ba, FeNO 12. Idan aka bi alamomi kaɗai, duka biyun za a ƙara musu sitiroyid. Ga ta biyun, an bar jaki ana dukan taiki: sitiroyid zai ƙara mata ƙiba da sukari, ƙibar kuma ta ƙara mata haki. Ita abin da take buƙata shi ne a sake tabbatar da cewa asma ce, a duba zuciya da maƙogwaro da tarin tibi, a kula da nauyinta, a gwada maganin buɗe hanyar iska mai dogon aiki irin tiotropium. Gwajin CAPTAIN na 2021 ya goyi bayan haka, domin ninka sitiroyid na shaƙa ya rage tashin ciwo ne ga masu manuni a sama, bai yi wa masu manuni a ƙasa wani abin kirki ba. Akwai kuma azithromycin sau uku a mako, wanda gwajin AMAZES na Ostiraliya ya nuna amfaninsa a 2017, sai dai ba a fara shi sai an duba bugun zuciya an kuma bincika kaki don kawar da zargin tibi da danginsa.

Ga mace ta farko kuwa, tambayar da za a fara yi ita ce ko maganin yana isa huhu. A Belfast, Liam Heaney da abokan aikinsa sun ƙirƙiro gwaji mai sauƙi a 2012: a sa ido a ga majiyyaci yana shaƙar maganinsa kullum na tsawon mako guda, ana auna FeNO. Idan ya faɗi warwas, to dama can ba a shaƙa yadda ya kamata. Ba na kawo wannan don a kama majiyyaci da laifi. Wanda ke tsallake kwanaki sau da yawa yana tattalin abin shaƙa ne don ya kai shi ƙarshen wata, wata kuma tsoro take ji kada jikinta ya saba. Lambar tana ba likita hanyar buɗe zancen cikin mutunci.

Dole a faɗi iyakar abin. Gwajin RASP-UK da aka buga a 2021, mai majiyyata 301, ya gwada rage sitiroyid bisa wasu manunai a haɗe. Da aka lissafa kowa da kowa, bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba, saboda majiyyata da yawa sun ƙi rage magani alhali suna jin nauyi a ƙirji. A cikin waɗanda suka bi shawarar kuwa, an rage wa da dama ba tare da ciwon ya ƙwace ba. Wanda ya taɓa kwana a zaune yana neman iska ba zai saki maganinsa don wata lamba a takarda ba, sai in ya amince da mai duba shi kuma an shirya masa abin yi idan ciwo ya motsa.

Inda lambar ke ruɗarwa a yankinmu

Kusan duk iyakokin da na ambata an tsayar da su ne a Turai da Amurka ta Arewa da makamantansu, a gwaje-gwajen da suka cire masu tsutsar ciki tun daga bakin ƙofa. Alhali kumburi nau'i na biyu, asalin aikinsa a jiki shi ne yaƙi da tsutsa. Macijin ciki, da tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa, da tsargiya da ke bin masu noman rani da masunta, da tsutsar da ke kawo tundurmi, duk suna ɗaga iyosinofil da IgE. Manomin da ke yini a cikin ruwan fadama zai iya zuwa da iyosinofil 700 ba tare da huhunsa ya san da zancen ba. Akwai ma wani ciwon huhu da tsutsar tundurmi ke haddasawa, mai tari da shessheƙar dare tamkar asma, iyosinofil ya haura 3,000, kuma maganinsa na tsutsa ne.

IgE ya fi rikitarwa. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan yaran makaranta a Gana ya sami da yawa da IgE na gyaɗa a jininsu, alhali suna cin gyaɗa lafiya lau, kuma an danganta hakan da kamannin da ke tsakanin wasu sinadaran sukari na jikin tsutsar tsargiya da na tsirrai. Saboda haka sakamakon alaji na jini a wurinmu yana buƙatar gwajin fata da tarihin majiyyaci su mara masa baya.

Haɗari mafi girma shi ne na tsutsar Strongyloides, wadda ke iya zama a hanji shekaru da dama shiru. Idan aka ba mai ita sitiroyid mai yawa, takan bazu cikin jiki har ta yi kisa. Shi ya sa GINA ta ce a bincike ta idan iyosinofil ya kai 300 kafin a dogara da sitiroyid na haɗiya. Awon bayan gida sau ɗaya yakan kuskure ta, na jini ya fi kamawa. Maganinta ivermectin ne, amma ga wanda ya zauna a kurmin kudancin Nijeriya ko Kamaru sai an fara duba tsutsar ido ta Loa loa, domin ivermectin yana iya taɓa ƙwaƙwalwar mai ɗauke da ita da yawa. Fatake da direbobinmu masu zirga-zirga kudu suna cikin wannan lissafi.

Sai matsalar ɗakin gwaji. Na'urorin ƙirga jini da dama a ƙananan asibitoci suna raba fararen ƙwayoyi kashi uku ne kawai, su cusa iyosinofil cikin rukunin tsakiya tare da wasu jinsuna biyu, ta yadda ba za a ga adadinsa ba sam. Inda aka samu kuma, akan rubuta shi da kaso cikin ɗari. Kashi 6 na fararen ƙwayoyi 4,000 shi ne 240, kashi 4 na 9,000 kuwa 360 ne. Wannan ya fi shafar mu, domin mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suna da gadon jinin da ke sa wani jinsin fararen ƙwayoyinsu ya yi ƙasa ba tare da wata cuta ba, sai kason iyosinofil ya yi kamar ya hau. Ninka lambobin biyu ba ya cin minti guda, kuma ya kamata ya zama al'ada a kowane asibitin ƙirji. Inda na'ura ta gaza, ma'aikacin ɗakin gwaji zai iya ƙirgawa da madubi a kan gilashi, kamar yadda aka yi tun zamanin Ehrlich.

Har a bakin mutane akwai abin kiyayewa. Kalmar fuka tana ɗaukar asma a wurin wasu, kafofin labarai kuma suna kiran tibi da tarin fuka. Majiyyaci zai ce an taɓa gaya masa yana da fuka, ba a san wacce ake nufi ba. Kafin a ɗora kowane manuni a kan mizani, sai an warware wannan da hoton ƙirji da gwajin kaki.

Aikin da ke gabanmu a bayyane yake, kuma bai fi ƙarfin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ba idan suka haɗa hannu. A ɗauki masu asma daga birni da kuma ƙauyukan noman rani, a auna iyosinofil da FeNO a ranar farko, a ba su maganin tsutsa, a sake aunawa bayan wata uku, sannan a bi su shekara guda cur, ta yadda lissafin zai ratsa damina da hunturu lokacin da ƙurar kwarin Bodele na Cadi ke rufe sararin sama. A rubuta kowane tashin ciwo da kowane zagayen prednisolone, har da wanda aka saya a kanti. Hasashena shi ne FeNO zai fi iyosinofil na jini tsayawa daram a wurin masu tsutsa, tunda daga fatar hanyar iska yake fitowa kai tsaye, kuma irin wannan bincike ne zai tabbatar da hasashen ko ya rushe shi.